Birtaniya: Shugabanni sun sauya launi, amma wa ke riƙe da ƙofar mazaɓa?

A watan Oktoban 2022 jam'iyyar Conservative ta ɗora Rishi Sunak, ɗan asalin Indiya, a kujerar firaministan Birtaniya. A Nuwamban 2024 kuma ta miƙa ragamarta ga Kemi Badenoch, wadda ta yi ƙuruciyarta a Legas. Majalisar dokokin da aka zaɓa a Yulin 2024 tana da wakilai kusan 90 cikin 650 waɗanda ba farar fata ba ne. Mai kallo daga nesa sai ya ɗauka wariyar launin fata ta kau daga siyasar ƙasar.

Ni kam ban gamsu ba. A Westminster, inda majalisar dokoki take, kwashe tuwon kawai ake yi, a rassan jam'iyya na mazaɓu ake tuƙa shi. Can ne shugaban reshe da sakatare da kwamitin tantancewa suke yanke wanda sunansa zai shiga jerin 'yan takarar kansila, da wanda za a ce ya dakata sai wani zagayen. Taron dare ne a tsakiyar mako, a zauren unguwa, wani lokacin ma a ɗakin saman mashaya. Direban tasi mai aikin dare, ko ma'aikaciyar jinya mai canjin aiki, ko Musulmin da ba ya taka gidan giya, duk an rage su tun kafin a karanta ajanda, ba tare da kowa ya ce musu kada su zo ba.

Sakamakon a fili yake. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 19 cikin ɗari na mutanen Ingila ba farar fata ba ne, amma binciken da ƙungiyar ƙananan hukumomi ta yi a 2022 ya gano kusan kashi 92 na kansiloli farare ne. Kada kuma labarin 'yan Najeriya da ake naɗawa magajin gari a unguwannin Landan ya ruɗe mu. Mafi yawanci kujerar biki ce ta shekara guda, da sarƙa a wuya da yanka kirtani. Kasafin kuɗi yana hannun jagoran majalisar ƙaramar hukumar, wanda kansilolin jam'iyya mai rinjaye ke zaɓa a tsakaninsu.

Jam'iyyar Labour ce ta fi cin ƙuri'un baƙar fata da 'yan asalin Asiya, don haka ita ta fi cancantar a tsare da tambaya. Diane Abbott da Bernie Grant da Paul Boateng da Keith Vaz sun shiga majalisa a 1987 ne bayan gwagwarmayar kafa sashen baƙar fata a cikin jam'iyyar, abin da shugabancin Neil Kinnock ya ƙi amincewa da shi. A 2016 rahoton Shami Chakrabarti, lauyar da jam'iyyar ta sa ta yi bincike, ya bankaɗo cewa rassa huɗu a Birmingham, wato Ladywood da Hall Green da Hodge Hill da Perry Barr, masu ɗimbin mambobi Musulmi, sun daɗe ƙarƙashin takunkumin hedikwata, wasu har sama da shekara ashirin. Dalilin da aka bayar shi ne zargin cusa mambobin bogi don murɗe zaɓen fitar da gwani. Irin wannan maguɗi yana faruwa, babu musu, kuma ya kamata a hukunta mai yinsa. Amma a ce yaro ya tashi har ya kai munzalin jefa ƙuri'a reshen unguwarsu bai fita daga tuhuma ba, wannan ya wuce gyara, ya zama rashin yarda da al'umma guda. Rahoton 2022 na Martin Forde, wani lauyan da jam'iyyar ta sa ya yi bincike, shi ma ya tarar da mambobi baƙar fata da Musulmi suna kukan cewa ba a ɗaukar ƙorafinsu da muhimmanci irin na sauran.

A zaɓen 2024 Labour ta lashe ƙasa da gagarumin rinjaye, amma ta rasa Perry Barr ga ɗan takara mai zaman kansa, Ayoub Khan. Yaƙin Gaza ne babban dalili, gaskiya. Sai dai wanda aka kayar, Khalid Mahmood, shi ma Musulmi ne ɗan asalin Pakistan, kuma tun 2001 yake majalisa. Ashe mutanen mazaɓar sun daɗe da samun wakili mai kama da su. Abin da suka rasa shi ne reshen da za su ɗaga hannu a cikinsa, a ƙirga, hedikwata ta bi.