Kashi 25 ɗin na wane kuɗi ne?

Wallahi lissafin kashi cikin ɗari zai sa wa mutum hawan jini. Jiya a shago ƙanina ya kafe kai da fata wai tunda an ƙara wa turmin atamfa kashi 25 har ya kai naira 50,000, to tsohon kuɗinsa 37,500 ne. Cire kashi 25 kawai ya yi daga dubu hamsin. Na ce, kai yaro, kashi 25 ɗin na wane kuɗi ne? Na tsohon farashi ne, ba na sabo ba! Sai ya zuba mini ido kamar na yi masa yaren China.

Abin fa ba wuya. Dubu hamsin ɗin nan kashi 125 ce ta tsohon kuɗi. Raba ta da 1.25, ka samu 40,000. Ɗora rubu'inta, dubu goma, ga hamsin ta dawo cif. Tasa 37,500 kuwa, ko ka ɗora mata rubu'inta, a 46,875 za ta tsaya. Ina sauran?

Abin da ya fi ƙona mini rai, har masu rubuta littafin shago suna yin haka da harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kuɗin kaya, wanda ya koma kashi 7.5 a 2020. Rasit ya ce 21,500 har da haraji, sai mutum ya zabtare 1,612 ya ce saura kuɗin kaya ne. Alhali kaya 20,000 ne, haraji 1,500. Ƙarshen wata lissafi ya ƙi daidaita, sai a fara harara yaron shago, bawan Allah bai ci ba bai sha ba.