Ƙanena, Daina Ɗora wa Sa'a Laifi

Jiya bayan La'asar na wuce wani shagon cacar ƙwallo a Tudun Wadar Kaduna, ya cika maƙil da samari. Ɗaya ya fito yana tsaki, wai wasa ɗaya ne ya ɓata masa tikiti, shi dai ba shi da sa'a. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Ƙanena, wace sa'a kake jira a cikin abin da Allah ya kira ƙazanta daga aikin Shaiɗan a Suratul Ma'ida? Kuɗin da Inna ta ba ka ka ja jari, ka kai su can da ƙafarka, sannan ka ce ba rabonka ba ne?

Maganar nan ta yi yawa a bakinmu. Mu ga wanda Allah ya buɗa wa a Kasuwar Barci, sai mu ce ya taki sa'a. Ba ma tambayar shekarun da ya yi yana yaron shago, yana shara tun da sassafe, ubangidansa na bar masa kuɗi bai taɓa cin amana ba. Ku leƙa Panteka da rana tsaka ku ga yara suna walda, suna ƙera murhu da tukwane, gumi na zuba. Gobe idan ɗayansu ya buɗe nasa wurin, mu da muke majalisa ne za mu fara cewa ai rabo ne.

Ƙaddara gaskiya ce, babu mai musu. Da aka rufe masaƙar KTL a Kakuri a 2002, magidanta da yawa sun wayi gari babu aiki, ba don lalaci ba. Wannan jarrabawa ce, Allah ya ba su ladan haƙuri. Amma wanda ya sayar da filin gado ya zuba a MMM, tsarin damfarar nan mai alƙawarin riba mai yawa, har aka rufe asusun mutane a Disambar 2016, kwaɗayi ne ya kai shi, ya fara da istigfari.

Da Abdurrahman bin Auf ya isa Madina ba shi da komai, Sa'ad bin Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Ya sa masa albarka, ya ce a nuna masa hanyar kasuwa. Tsuntsayen ma da Manzon Allah (SAW) ya buga misalin tawakkali da su, sammako suke yi da yunwa kafin su dawo a ƙoshe.

Kai kuma da ka samu, kada ka ce wayonka ne, haka Ƙaruna ya faɗa ƙasa ta haɗiye shi. Ka fitar da zakka, ka ɗauki yaran unguwa ka koya musu sana'a.

Don Allah ƙanena, ka goge manhajar cacar nan daga wayarka yau, kafin ka kwanta. Don Allah.