A Ingila kowane harsashi yana da mai shi

Ranar 30 ga Afrilu 2024, da sassafe, wani mutum ya fito da takobi a unguwar Hainault da ke gabashin Landan. Ya kashe yaro ɗan shekara 14 da ke hanyar makaranta, ya sassari wasu, har da 'yan sanda biyu. Minti 22 bayan kiran farko aka kama shi da ransa, ba a harba harsashi ko ɗaya ba. Tesa aka sa masa, wato bindigar lantarki mai cilla ƙaya biyu a jikin waya, ta sandarar da jiki na kamar daƙiƙa biyar. A 2025 kotu ta yanke masa ɗaurin rai da rai, sai ya yi aƙalla shekara 40. Tun da bidiyon kamun ya fito tambaya ɗaya ke cin raina: da a gida Najeriya ne, gawa nawa za a kwasa, kuma nawa daga ciki 'yan kallo ne?

Ɗan sandan da ke yawo a titi nan Ingila ba ya riƙe bindiga. Kulki, ankwa, feshin barkono, oba-oba da kyamara a ƙirji, wasu da tesa. Cikin jami'ai sama da 140,000 a Ingila da Wales, wajen 6,000 ne kawai aka yarje wa ɗaukar bindiga, kuma da kansu suka nema. Izinin ba na dindindin ba ne. Wanda ya faɗi jarrabawar harbi ko ta lafiya, an karɓe. Kafin a tura su wuri, sai wani kwamanda da aka horar a kan wannan aikin ya amince, ya rubuta dalili.

Dokar kanta gajera ce. Sashe na 3 na dokar laifuka ta 1967 ya halatta ƙarfi daidai da hali, sashe na 2 na yarjejeniyar haƙƙin ɗan'adam ta Turai kuma ya ƙara ɗaure abin: ba a ɗaukar rai sai ya zama tilas, babu makawa. A aikace, jami'i ba ya harbi sai ya yi imani da gaske cewa ran wani na cikin haɗari a wannan lokacin. Gudu kaɗai ba dalili ba ne. Dukiya ba dalili ba ce. Zai ɗaga murya ya sanar cewa ɗan sanda ne mai makami, ya ba da damar bin umarni, sai dai idan gargaɗin zai jawo asarar rai. In harbin ya zama dole, tsakiyar jiki ake nufa. Masu cewa me ya sa ba a harbi ƙafa ba, ba su san ƙafar mai gudu wuyar samu gare ta ba, harsashin da ya kuskure kuma wani zai samu a baya. Sannan kowane harsashi da hujjarsa. Na farko ya halatta bai sa na uku ya halatta ba, in mutumin ya riga ya faɗi.

Abin da ya fi burge ni shi ne bayan harbin. Nan take a killace wurin, a karɓi bindigar, a ƙirga harsasan da suka rage a gwada da waɗanda aka sa hannu aka karɓa. A adana hoton kyamara. A hana jami'an haɗa baki kafin kowa ya rubuta bayaninsa na farko. Dole a miƙa maganar ga IOPC, hukumar da ke binciken 'yan sanda amma ba ta ƙarƙashinsu, in an mutu kuma alƙalin binciken mutuwa ya zauna a bainar jama'a, lauyan iyalan mamaci na yi wa jami'in tambayoyi. A shekarar da ta ƙare a Maris 2023 an fita aiki da bindiga sama da sau 18,000, amma sau 10 kacal aka harbi mutum.

Ba cewa nake su waliyyai ba ne. A 2005 sun harbe Jean Charles de Menezes, ɗan Brazil mai gyaran lantarki, a tashar jirgin ƙasa ta Stockwell bisa zaton ɗan ƙunar baƙin wake ne, kuma ba a gurfanar da jami'i ko ɗaya ba. Rundunar aka ci tara. A 2022 an harbe Chris Kaba ta gilashin mota ba bindiga a tare da shi, aka tuhumi jami'in da kisan kai, masu taya alƙali hukunci suka wanke shi a 2024. Baƙar fata a nan na da ƙorafi na gaskiya. Amma ko a waɗannan, an san wanda ya harba, sau nawa, da wa ya ba da umarni.

Na gida kun sani, ba sai na faɗa ba. Shinge, AK-47 a rataye, da "bindiga ce ta tashi bisa kuskure". Bindiga ba ta tashi sai an zare makullin kariya, an ɗana, an sa yatsa. An gyara Umarni na 237, wato ƙa'idar amfani da bindiga ta 'yan sandan Najeriya, a 2019 don ya dace da ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990, madalla. Sai dai sashe na 33(2) na tsarin mulki har yau ya bar ƙofar kisa don kare dukiya, ko hana wanda aka tsare tserewa, ko kwantar da tarzoma. Shari'ar matasa shida na Apo da 'yan sanda suka kashe a Abuja a 2005 sai 2017 aka yanke.

Raina na ɓaci idan Bature ya yi mana dariya a kan wannan. Kurtun da ke hanyar Birnin Gwari ba takobi yake fuskanta ba. Ba wanda ya ba shi tesa ko kyamara. Tsakanin tsawa da harsashi ba shi da komai a hannu. Wannan uzuri ne a daji. Ba uzuri ba ne a kan direban da ya ƙi tsayawa a cikin gari.

Akwai kuma namu laifin, wanda ya fi yi mini ciwo daga nesa. An harbe yaro da hantsi, kafin la'asar an yi masa sutura, an kai shi makwanci da harsashin a jikinsa. Gaggauta jana'iza addini ne, ban ja ba. Amma wannan ɗan ƙarfen shi ne shaidar da za ta nuna bindigar da ya fito. Likita na iya ɗaukar hoton raunin, ya rubuta inda harsashin ya shiga, ya ciro shi cikin 'yan sa'o'i, a yi sallah a ranar. Mu kan ce mun bar wa Allah, manya su zo gaisuwa, a watse. Uwar yaron kuma ta ƙare rayuwarta ba ta ko san sunan wanda ya harbe shi ba.