Idan ƙorafi ya mutu a kan teburin oga

A watan Nuwamban 2020, binciken da gwamnatin Birtaniya ta sa aka yi ya gano cewa ministar harkokin cikin gida, Priti Patel, tana yi wa ma'aikatanta tsawa da zagi har abin ya kai ga cin zarafi. Firaminista Boris Johnson ya ga rahoton, ya ce ministarsa ba ta karya ƙa'idojin aikin ministoci ba. Alex Allan, wanda ya yi binciken, shi ne ya ajiye aiki. Babban sakataren ma'aikatar, Philip Rutnam, ya riga ya yi murabus tun watan Fabrairu saboda rikicinsa da ministar, daga baya gwamnati ta biya shi fam 340,000 aka kashe maganar. Ita kuwa minista ta ci gaba da zama a kujerarta har 2022.

In haka ta faru a Landan, ina ga ofisoshinmu, inda mai ubangida ba ya laifi?

Na taɓa aiki da wata baiwar Allah a wani ofis. Ogan sashenmu yakan jefa mata fayil a ƙasa a gaban kowa, ya ce ta ɗauka ta gyara shirmenta. Ta daure ta rubuta ƙorafi. Aka kafa kwamiti, aka zauna sau biyu, sai wani dattijo ya kira ta gefe ya ce, "'Yata, ki yi haƙuri, halinsa ne, kowa ma haka yake yi masa." Bayan sati uku aka mayar da ita sito, wai don a samu zaman lafiya.

Wannan "a yi haƙuri" ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kullum wanda aka zalunta ake faɗa wa, ban taɓa jin an ce wa azzalumin ya ji tsoron Allah ba. Kuma illarta ba ta tsaya a ofis ba. Mutum yakan koma gida yana tuhumar kansa, ko dai ni ce mai saurin fushi, ko dai na zuzuta abin. Barci ya ƙaurace, hawan jini ya sallamo, yara su sha faɗan da ba su san dalilinsa ba. Alhali shirun kwamiti ba ya nufin ƙarya aka yi. Sau da yawa lissafi ne kawai: taɓa oga ya fi tsada a kan rasa ƙaramin ma'aikaci.

Don haka ni a ganina, wanda ƙorafinsa ya mutu ya daina jiran adalci daga teburin da ya binne shi. Ya koma ga rubutu. Rana, lokaci, abin da aka faɗa, waɗanda ke wurin. Umarnin baki ya nemi a turo masa a rubuce, ko da ta WhatsApp ne. Kwafin ƙorafin, mai hatimin an karɓa, ya ajiye shi a gida, ba a durowar ofis ba. In jiki ya fara nuna alama, a je asibiti a samu takarda, domin Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ambaci matsin ƙwaƙwalwa da aiki ya haddasa.

Akwai ƙofofi a waje kuma. Ƙungiyar ƙwadago, Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa tun 1975, da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Nijeriya ta amince da yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan cin zarafi a wurin aiki a 2022. Ba na cewa shari'a tana da sauri ko araha, amma lauya ba ya iya komai da "wallahi kowa ya sani".

Barin aikin ma ba gazawa ba ne, sai dai kada a bar shi cikin zafin rai ranar da aka sha zagi. A wannan tsadar rayuwa, a fara samun wurin zuwa tukuna. Haka abokiyar aikin nan tawa ta yi, ta kwashe wata takwas a sito tana neman wani aikin a ɓoye har ta dace. Ogan kuwa an ƙara masa girma, kuma na ji yanzu wani yaro ɗan bautar ƙasa ne ke sunkuyawa ya ɗauki fayil ɗin.