Fim ɗinmu ya je Oscar, amma wa ke biyan furodusa?

A ƙarshen 2024 kwamitin da ke zaɓa wa Najeriya fim ɗin da za ta kai gasar Oscar ya ɗauki Mai Martaba. Fim ne na Hausa, kuma a nan Daura aka yi ɗaukarsa. Bai kai zagayen ƙarshe ba, wannan kuwa bai dame ni ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda aka wayi gari fim ɗin Hausa ya zama wakilin ƙasa, alhali shekara da shekaru in aka ce masana'antar fim ta Najeriya, Legas ake nufi. Ku tuna a 2019 an kai Lionheart, masu gasar suka ƙi karɓarsa saboda Turanci ya yi masa yawa. Wato in za a fita kunya a waje, harsunanmu ake nema.

To, in fim ɗin Hausa na ƙasa ne, wa ke ɗaukar nauyinsa?

Tun asali ba gwamnati ba ce. Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, shekara biyu kafin Living in Bondage da ake cewa shi ya buɗe kasuwar kudu. Kuɗin 'yan kasuwa ne da na masu sha'awa ya tayar da harkar. Furodusa zai buga kwalin fim ɗinsa ya kai Ƙofar Wambai, dillalai su sayi kwalin su kwafi kaset, daga can a yi lodi zuwa Katsina, Funtuwa, Maraɗi, har Agadas. Tsarin yana da cuta a ciki, ba na musu, amma duk kaset ɗin da ya shiga gida, wani abu ya koma aljihun wanda ya yi fim ɗin. Da haka aka biya jarumi, aka biya mai kyamara, aka shiga wani sabon aikin.

Wannan hanyar ce ta toshe. Yau ka leƙa kowace tasha ko bakin kasuwa a Katsina ko Daura, za ka tarar da yaro da kwamfuta yana turi. Ka miƙa waya, ka ba da abin da bai taka kara ya karya ba, a cika maka ita da finafinai. Ban ga laifin yaron ba, neman abinci yake. Sai dai mai kallo ya biya, mai turi ya karɓa, furodusa ko sisi.

Duk lokacin da na faɗi haka sai wani ya ce ai gwamnati ce ta ƙi taimakawa. Jama'a, an gwada. A 2013 gwamnatin Jonathan ta ware naira biliyan 3 don harkar fim. A 2016, ɗan Daura na kan mulki, aka shirya gina ƙauyen fim a Ƙofa cikin Bebeji, malamai da jama'a suka tayar da ƙura, aka fasa. Ni a ganina ko da an gina shi, da yanzu muna nan inda muke. Matsalarmu ba wurin ɗaukar fim ba ce, ga fadar Daura ga Kusugu ga Gobarau. Tallafi na lokaci guda kamar zuba ruwa a kwando ne muddin kuɗin mai kallo ba ya dawowa.

Dubi Faransa. Tun 1948 suke cire wani kaso, yanzu sama da kashi 10 cikin 100, daga kowane tikitin sinima, a zuba a asusun da ke tallafa wa finafinansu. Ko fim ɗin Amurka ka shiga kallo a Paris, ka taimaka wa furodusan Faransa. Ba kyautar ɗan siyasa ba ce da za ta tafi in ya sauka.

Mu abin da ya rage mana shi ne YouTube da tashoshi irin Arewa24, wadda ta fara a 2014. Sun ceci mutane da yawa, Izzar So ma a tashar Bakori TV ya yi suna. Amma YouTube da talla yake biya, kuma kallon da aka yi daga Najeriya kuɗinsa bai kai na Saudiyya ko Ingila ba. Shi ya sa labarin da zai ƙare a zango biyu ake jan shi har ya gundure ka, kuma ana tsakiyar rigimar gado sai a yanke a sako maka mai maganin basir. Kada ku zagi marubuci, mai tallar nan ne ya biya kuɗin man janareto.

Shawarata ga gwamnatin Katsina da ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN: ku daina kallon masu turi a matsayin ɓarayin da za a kama. Su ne sinimarmu, sun shiga ƙauyen da ba intanet mai ƙarfi. A yi musu rajista, furodusa ya ba su fim da hannunsa ranar da ya fito, su riƙa biyan wani abu duk wata, a raba bisa yawan abin da aka tura. Kowane ɗan turi ya san fim ɗin da aka fi tambaya a shagonsa, lissafin ba zai gagara ba. Wahalar tana wurin wanda zai riƙe asusun, kuma ni dai ba zan so a damƙa shi ga wanda aka naɗa don ya yi wa wani waƙar zaɓe ba.