Ba takobi kaɗai ya shiga tsakaninsu ba

Wani rahoto ya nuna kamar babu abin da ya haɗa Musulmi da Kiristoci a zamanin yaƙe-yaƙen Salibiyya (waɗanda Kiristocin Turai suka yi don ƙwace Ƙudus) sai takobi, alhali tarihin Sarki Al-Kamil na Masar ya nuna akasin haka. A 1221, da ruwan Nilu ya rutsa da rundunar Turawa kusa da garin Mansura na Masar, ya aika musu da abinci bayan sun miƙa wuya. A 1229 kuma ya ƙulla sulhu da Sarki Frederick na Biyu na Jamus da Sisili, ya miƙa masa Ƙudus, amma Masallacin Aƙsa ya zauna a hannun Musulmi. A ganina rikicin Al-Kamil da danginsa na Dimashƙa ne ya tilasta masa, kuma malaman Dimashƙa sun yi tir da yarjejeniyar a bainar jama'a.