Ni da Kawu a hanyar Lagdo

A Garwa ta arewacin Kamaru, in ka ce wa mutum za ka hau babur ka yi tafiyar sama da kilomita 50 ba don biki ba, ba don ta'aziyya ba, ba kuma bashi za ka karɓo ba, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce Allah ya sawwaƙe. Babur a wajen mutanenmu abin neman abinci ne. Ko ka yi kalando da shi, wato acaɓa, ko ka ɗauko buhun gawayi, ko ka jera yara biyar ka kai su makaranta. Mu ƴan ƙungiyar masu son babur mu kaɗai ne muke ƙona mai don jin ƙarar inji da shan iska, shi ya sa unguwa take mana kallon waɗanda aljani ya shafa amma bai gama aikinsa ba.

Mahaɗarmu wajen wani mai shayi ce kusa da filin ƙwallon Rumde Ajiya. Akwai masu Boxer, akwai masu TVS da Haojue, sai Shugaba da yake da wani ƙaton Yamaha wanda in ya murɗa shi kajin layi uku suke watsewa. A nan aka yanke cewa ranar Lahadi za a tafi Lagdo, inda madatsar ruwan kogin Binuwai take, a ci kifi a bakin ruwa, a ɗauki hotuna, a dawo kafin magariba. Na je kasuwar gwanjo na sayo rigar fata baƙa da safar hannu, duk da cewa watan Afrilu ne, lokacin da zafin Garwa yake haura 40 tun kafin azahar. Ado da wuya, wai an ce da kare ya sa takalmi.

Uwargida ce kaɗai na gaya wa. Ita kuma ta ce maƙwabciya ɗaya tak ta gaya wa a bakin famfo. Kafin sallar isha'i ƙofar gidana ta cika da yara ƴan aike. Gwaggo ta ce a sayo mata giwan ruwa, mai babban kai. Matar liman tana son karfasa. Wata da ban taɓa jin sunanta ba ta aiko da bokiti, wai banda take so, mai kyau, kada a cuce ni. Ko sefa ɗari babu wadda ta haɗo da shi. Kowace sai dai "in ka dawo a yi lissafi".

Da asuba ina fitowa masallaci na tarar da Kawu zaune a kan benci kusa da babur ɗina, cikin babbar riga shuɗiya ta shadda, da buta, da darduma, da laima, da ƙaramar rediyo.

"Kawu, ina kwana? Lafiya da sassafe haka?"

"Lafiya lau. Aka ce za ka Lagdo. Na ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Rabona da madatsar nan tun muna ɗaukar siminti wa ƴan Sin."

Wannan labari duk danginmu sun haddace shi. Daga 1977 zuwa 1982 aka gina madatsar, zamanin shugaban ƙasa Ahijo, kuma a bakin Kawu kai ka ce shi da wani ɗan Sin guda suka gina ta su biyu. Duk shekarar da aka saki ruwa ya yi ɓarna a ƙasar Adamawa ta Najeriya, kamar yadda aka yi a 2012 da 2022, ƴan'uwanmu na Yola shi suke bugo wa waya su yi masa ƙorafi, shi kuma ya riƙa ba su haƙuri da gaske. To wa zai ce wa ƙanen uwarsa ba zai ɗauke shi ba? Na miƙa masa hular kwano ta biyu, ya juya ta, ya leƙa cikinta, ya rataya a hannu, ya gyara zaman zanna-bukar ɗinsa.

Da ƴan ƙungiya suka hango mu, mai shayi har ya zubar da madara don dariya. Shugaba dai ya dake, ya durƙusa ya gaida Kawu, ya karanta dokokin tafiya: a jera biyu-biyu, ba a wuce na gaba, kowa ya kunna fitila. Aka yi addu'a aka tashi.

Ban san Kawu yana kallon agogon gudu ta saman kafaɗata ba sai da muka nufi gadar Binuwai. Allura na taɓa 40, sai na ji mintsini a haƙarƙari, ta cikin rigar fatar ma ya same ni.

"Kai yaro, haihuwa za mu karɓa a can?"

Na sassauta. A tsakiyar gada ya ce in tsaya ya duba ko dorinar ruwa na nan. Babu dorina, sai masu wanki da masu ɗibar yashi. Muka ci gaba. Rana ta ɗan ɗaga, sai ya buɗe laima. Wanda bai taɓa tuƙa babur da buɗaɗɗiyar laima da babbar riga a bayansa ba bai san ikon iska ba: rigar ta cika ta kumbura, laimar ta ja mu dama, wata tirelar auduga ta wuce ta mayar da mu hagu, ni kuma gumi na bin bayana har cikin takalmi. Ƴan ƙungiya kuwa tuni sun zama ƙura a hanyar Gaundare. Wata mata mai tallar gyaɗa ta ɗaga mini hannu tana tambayar nawa zan kai ta gaba, ganin tsoho da buta a bayana ta ɗauka kalando ne. Da rigar fatata da komai.

Sai maganar mai. Duk wanda ya zauna a arewacin Kamaru ya san zuwa-zuwa, man Najeriya da ake jerawa a kwalabe bakin titi. Tun da aka cire tallafin mai a can a watan Mayun 2023 ya yi tsada, kuma wasu masu sayarwa suka koyi yi masa ƙari. Ni ina da wanda nake saye a wajensa a gari, amma tankin da na cika don gudun mutum ɗaya bai yi lissafin laima ba. Na nufi wani mai tebur babba, Kawu ya mintsine ni.

"Wuce. Ga yaro can ƙarƙashin bedi, ya fi kama da mai tsoron Allah."

Ya sauka ya yi ciniki kamar zai sayi saniya, har ya sa yaron ya rage sefa hamsin a lita. Ya hau yana ta yi mini wa'azi a kan almubazzaranci. Mun saki babbar hanya mun karya hagu ta Lagdo kenan, babur ya yi tari, ya yi shaƙuwa, ya ja numfashi ya mutu.

Na buga, na sake bugawa, har ƙafata ta fara rawa. Shiru. Kawu ya shimfiɗa darduma a inuwa ya kunna rediyo. Can sai ga ƴan ƙungiya sun dawo nemanmu gaba ɗaya, suka kewaye babur. Wannan ya ce fulogi ne, wancan ya ce batir, wani ya rantse kwayil ne ya ƙone. Aka ciro fulogi aka goge aka mayar. Wani ya ɗaga waya sama yana neman sabis don ya duba YouTube. Mutum goma sha, kowa da safar hannu mai tsada, babu wanda ya tayar da shi.

Kawu ya kashe rediyo, ya naɗe hannun riga a kafaɗa.

"Ku ba ni sukudireba. Ku yaran yanzu kun san hawa, ba ku san ciki ba."

Ya tsuguna, ya rufe makunnin mai, ya tara murfin butarsa a ƙarƙashin kafireta, ya sassauta wani ɗan ƙusa da yake can ƙasa. Abu ya ɗigo ya taru. Ya ɗaga murfin ya nuna wa kowa: mai ja-ja a sama, a ƙasansa kuma wasu ƙwayoyi farare suna yawo.

"Ruwa ne. Ya fi mai nauyi, shi ya sa yake kwanciya a ƙasa, inji kuma daga ƙasa yake sha. Tun ina hawa Mobilet na san wannan."

Ya sa aka juye tankin a jarka, aka bar shi ya kwanta, aka tsiyaye na sama, aka zubar da na ƙasa. Bugu ɗaya babur ya tashi. Aka yi ta tafi da kabbara. Shugaba ya kama hannun Kawu da hannu biyu. Ni kuwa Kawu ya juyo ya dube ni a gaban jama'a ya ce, "Kai ma ka riƙa lura da inda kake shan mai."

Na buɗe baki, na tuna ƙanen uwata ne, na rufe.

Lagdo dai mun isa, ruwa iya ganinka da duwatsu a tsakiya. Su suna can suna cin gasasshiyar karfasa da yaji, Kawu a tsakiya yana nuna musu da laima daidai inda ya ajiye buhun siminti na ƙarshe. Ni ina wajen masunta, ina cinikin giwan ruwa mai babban kai da kuɗin aljihuna. Da aka ɗaure kifi da bokitin banda a bayan babur, wurin zama ya ƙare. Shugaba ya ce ai Baba shi zai ɗauko.

Na riga su tashi saboda kaya. Ina tafe a hankali, ruwan kifi na ɗiga a bayan rigar fata, ƙudaje na yi mini rakiya, sai na ji rugugin Yamaha. Suka wuce ni fiii, gudun da ko ni ban taɓa yi ba. Kawu ya kifa hular kwano a kan zanna-bukar, riga na tashi, ya rungume Shugaba, kuma da kunnena na ji yana cewa, "Ƙara masa wuta, ɗan albarka!"

A gida Gwaggo ta juya kifin ta ce kan bai kai yadda ta ce ba, amma za ta karɓa don kada in yi asara. Matar liman ta sa mini albarka mai yawa. Mai bokiti ta aiko a tambaya ko babu ɗan canji.

Ranar taro aka ci ni tarar sefa dubu biyu saboda fita daga layi da jinkirta tafiya. Wanda ya sanar da hukuncin shi ne sabon uban ƙungiya, yana zaune a kujerar mai shayi da laimarsa. Ya kuma ce fita ta gaba kasuwar Lahadi ta Pitowa za a je, don yana son ya duba rago.

Na ce, "To Kawu, ai yanzu kuna da Yamaha."

Ya ce, "Ni ina da Yamaha. Ragon fa?"